Kuɗin Gashin Khadija

Rana ta take tsaka a bakin titin Gyaɗi-Gyaɗi, Basira na tsaye da ƙanwarta Khadija goye a baya, gumi na bin hijabinta. Yarinyar shekararta takwas, ƙafafunta sirara suna reto har gwiwar yayarta. Adaidaita na huɗu ke nan da ta tsayar, kowa da abin da yake yanka mata.

"Ɗari takwas zuwa Tarauni, Hajiya, in har ku kaɗai zan ɗauka."

"Haba Malam! Bara ɗari biyu da hamsin fa nake biya..."

"Bara nawa ake sayar da litar mai?" Ya ja babur ɗinsa ya yi gaba.

Basira ta gyara goyo, ta kama hanya a ƙafa. Daga bayanta wata 'yar murya mai nauyi ta ce, "Yaya... ke ce mota, ni ce direba." Sai ga Basira tana dariya da hawaye a ido! Haka Khadija take. Cutar shawara ce ta taɓa mata ƙwaƙwalwa tana jaririya, ta bar ta ba ta iya tsayuwa, harshenta kuma da nauyi, amma Allah ya ba ta fara'ar da ke cika gida.

Su biyu suka rage. Mahaifinsu ya rasu a haɗarin mota a hanyar Zariya, mahaifiyarsu ta bi shi bayan shekara guda, suka bar wa Basira ɗaki biyu, da keken ɗinki, da wannan amana. Duk da haka ba a jin kuka a gidan. Da safe Basira na ɗinka hijabai, Khadija na jingine da filo tana zaɓar mata launin zare. Da yamma su ci tuwonsu da miyar kuka, su yi ta hira kamar ba su da wata damuwa a duniya. Kafin rasuwar mahaifiyar ne wata gidauniya mai tallafa wa yara masu lalura ta sanya Khadija a cikin waɗanda take bai wa naira dubu sittin duk wata. A lokacin kuɗin na isa cif: gashin ƙashi sau uku a mako a wani ƙaramin asibiti a Tarauni, kowane zuwa dubu uku, sauran kuma a biya mota, a sayi maganin jijjiga da famfas.

Sai duniya ta canza. Kuɗin gashi ya koma dubu biyar, ba a rufa wata shida ba aka manna sabuwar takarda a ƙofa: dubu bakwai! Magani ya ninka, mota ta ninka har sau uku, amma dubu sittin tana nan inda take.

Ran nan da suka isa asibitin a ƙafa, Basira ta tsaya gaban takardar tana lissafi da yatsu, ta ga ko ba a sayi ƙwayar magani ɗaya ba kuɗin ba zai kai ba. Anti Saratu, likitar gashin, 'yar Kafanchan da ta yi shekara ashirin a Kano, ta ja ta gefe.

"Share hawayenki, ƙanwata. Farashin nan ba ni na sa ba, injinan ma da dizal suke aiki. Amma magani kada ki kuskura ki rage, shi ne ba a wasa da shi. Ki riƙa kawo ta sau ɗaya a mako, sauran kwanakin ke za ki zama ni."

"Ni, Anti? Ko sakandare da ƙyar na gama..."

"Hannun da ke saita wuyan riga zai iya saita gwiwa. Zo ki gani."

Ta koya mata yadda ake miƙar da ƙafa a hankali, yadda ake murza agara, yadda ake tsayar da yarinya jikin bango ana ƙirga har ashirin. Basira ta riƙe abin da hannu biyu. Kullum bayan sallar asuba da bayan la'asar sai ta shimfiɗa tabarma, ta ɗumama man kaɗe a tafinta, suna yi suna waƙa. Kowane rasit kuwa, na gashi da na magani, sai ta ninke shi ta jefa a gwangwanin madara. Cikin wata huɗu Khadija ta fara zama ba jingina. Ranar da ta ɗaga kofi da kanta ta kai baki, sai da Basira ta yi sujjada a tsakar gida!

Ashe akwai mai ƙirga musu kwanaki. Baffa Mu'azu, ƙanin mahaifinsu da ke Unguwar Gano, shi ne ya sa hannu a matsayin wakilin dangi ranar da aka yi wa Khadija rajista, shi ya ma kai ta gashin farko. Tun daga nan bai sake leƙo su ba, sai da kasuwancinsa na sayar da kayan waya ya karye. Wata Asabar ya tara dangi a tsakar gidan marayun, har da maƙwabta a bakin ƙofa.

"Ku tambaye ta!" ya ce yana nuna Basira da ɗan yatsa. "Sau uku aka ce a kai yarinyar nan asibiti, sau ɗaya take kai ta! Ina kuɗin sauran biyun? Kayan ɗaki take tarawa da haƙƙin gurguwa! Wallahi ɗan'uwana ba zai yafe mini ba in na zuba ido."

"Baffa, don Allah ka saurare ni... kuɗin ne aka ƙara, ga rasit nan duka..."

"Rufe mini baki! Ni za ki nuna wa takarda?" Ya buge gwangwanin daga hannunta, takardun suka watsu a ƙasa, wasu suka faɗa cikin ruwan wanke-wanke. Basira ta durƙusa tana tsince su ɗaya bayan ɗaya, hawaye na ɗiga a kansu. Khadija kuwa ta dage iya ƙarfinta tana cewa, "Ba... ba ta ci ba! Yaya ba ta ci ba!" Amma harshen ya ƙi ba ta haɗin kai, babu wanda ya tsaya ya fahimce ta.

Baffa ya rubuta ƙorafi ya kai gidauniyar. Aka yi rashin sa'a Hajiya Lami, jami'ar da ta san Basira, tana jinyar mahaifiyarta a wani gari, sabon ma'aikacin da ke riƙe da teburinta kuma ya ga sunan Baffa a matsayin wakili, sai ya mayar da biyan kuɗin asusunsa har a yi bincike. Wata ya ƙare, Basira ta yi ta duba waya, shiru. Da ta ji asusun Baffa kuɗin suka shiga, ta goya Khadija har Unguwar Gano.

"Baffa, maganinta saura na kwana biyu."

"Na samo mata wurin da ya fi araha, sati mai zuwa zan zo in ɗauke ta. Ki je kawai."

Sati ya zo ya wuce, Baffa bai zo ba. Magana kuwa ta zaga unguwa, matan da ke kawo mata ɗinki suka fara janyewa, wata har ta aiko a karɓo mata yadinta ba a ɗinka ba. A kwana na biyar da yankewar magani jijjiga ta kama Khadija da hantsi, idanunta suka kafe, kumfa na fita a bakinta. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Basira ta kwantar da ita a gefe guda tana salati, tana kiran sunanta, har abin ya lafa. A ranar ta sa aka ɗauki keken ɗinkin mahaifiyarta aka kai kasuwa. Da mai sayen ya ɗaga kan keken, sai da ta kau da fuska.

"Ya Allah," ta ce a sujjadar la'asar, "ba na roƙon ka saka mini a kan kowa. Ka dai bar mini yarinyar nan, ka kuma wanke ni a idon mutane..."

Kuɗin keken ya sayi magani, ya kuma biya gashi sau ɗaya duk mako biyu. Anti Saratu da ta ji labari ta riƙa biyowa Gyaɗi-Gyaɗi ranar Lahadi bayan ta taso daga coci, ta duba ƙafar Khadija kyauta, su ci ɗanwake tare. Basira ta koma yi wa wata tela aikin guga da sa maɓalli. Abin mamaki, dariya ba ta bar gidan ba. Tabarmar nan ba a taɓa fasa shimfiɗa ta ba ko da rana ɗaya.

Bayan wata uku Hajiya Lami ta dawo bakin aiki, ta kira kowa ofis. Baffa Mu'azu ya zo da sabuwar shadda da babban ambulan, ya zube rasit talatin da shida a tebur, masu tsabta, kowanne da hatimin asibiti.

"Ga shi nan, Hajiya. Sau uku a mako, ban taɓa fashi ba. Ni ba na wasa da amanar marainiya."

Hajiya Lami ta sa tabarau, ta ɗaga ɗaya, ta ɗaga na biyu. Sannan ta dube shi.

"Malam Mu'azu, nawa ake biyan gashi a asibitin nan?"

"Dubu uku mana, ga shi a rubuce."

"Da hannunka kake biya?"

"Da wannan hannun!"

Ta juya ga Anti Saratu da ke zaune a gefe. Anti ta ce, "Hajiya, rabonmu da karɓar dubu uku an fi shekara. Dubu bakwai ne yanzu. Hatimin nan ma tsoho ne, mun canza shi. Mutumin nan kuwa sau ɗaya na taɓa ganinsa, ranar da aka buɗe wa yarinyar kati."

Gumi ya keto wa Baffa. Tsohon rasit ɗin ranar farko ya kai aka buga masa irinsa, bai san farashi ya tashi ba, don ƙafarsa ba ta sake taka wurin ba! Ya fara in-ina, yana cewa wai ragi aka yi masa, wai yaron shago ne ya yi kuskure... Basira ta matso gaba. Gwangwaninta kawai ta ajiye a tebur. Hajiya Lami ta riƙa zaro takardun, wasu sun yi tabon ruwa, ta jera su bisa kwanan wata: dubu uku, dubu biyar, dubu bakwai, da na magani a tsakani. Ta buga lissafi, babu naira ɗaya da ta ɓace. Can ƙasa ta ci karo da wata takarda daban, ta cinikin keken ɗinki. Ta cire tabarau ta goge idonta.

"'Yata, ki yafe mana. Mu ne muka yi barci, kaya na tashi muna ba ku kuɗin shekara biyu da suka wuce."

Aka kira 'yan sanda. Da Basira ta ga ana shirin tafiya da ƙanin mahaifinta, sai ta fashe da kuka ta riƙe hannun Hajiya. "Don Allah kada a rufe shi, yana da yara ƙanana..." Aka amince, bisa sharaɗin ya dawo da kuɗin wata ukun cikin mako biyu. Sai da ya sayar da babur ɗinsa da ragowar kayan shago. Dattawan dangi kuma suka tilasta masa ya koma tsakar gidan da ya tozarta ta, a gaban mutanen da ya tara, ya faɗa da bakinsa cewa ƙarya ya yi. Ya faɗa kansa a sunkuye, tun daga ranar ba a sake kiransa shawarar dangi ba.

Gidauniyar ta ƙara kuɗin tallafin, ta kuma yanke cewa duk wata shida za a riƙa duba farashi. Basira ta sayi wani keken, masu ɗinki suka dawo da kunya a fuska, ta karɓe su kamar ba a yi komai ba. Duk ranar Alhamis kuma gidauniyar na biyanta ta koya wa iyaye mata gashin gida, ita da Anti Saratu.

Bayan sallar layya aka yi wa Khadija takalmin ƙarfe da abin dafawa mai taya, aka sa ta a Islamiyyar bayan layinsu. Ranar farko Basira ta raka ta har bakin ƙofa, ta sunkuya za ta ɗauke ta ta tsallakar da ita dokin ƙofar. Khadija ta ture hannunta a hankali.

"Yaya... ki koma gida. Ni kaɗai zan shiga."

Ta ɗaga ƙafar dama, ta jawo ta hagu, ta tsallake. Basira ta tsaya a waje ta toshe baki da hijabi, hawaye na zuba, tana jin malama daga ciki tana cewa yara su matsa su ba sabuwar ɗaliba wuri.