Ɓarawon da Ya Sayi Ƙanƙara

Sufeto Abdulrashid bai kai loma ta biyu ba aka shigo masa da rahoto. Ranar Talata ce a tsakiyar bazara, zafi kamar a bakin murhu. Kofur Mudassir ya ƙame a bakin ƙofa.

"Yallaɓai, an yi sata a ƙaramin asibitin Rafin Kanya, can gefen dam ɗin Watari."

"Me aka ɗauka? Batirin sola?"

"A'a, yallaɓai. Kular allurar rigakafi ta maniyyata aikin Hajji."

Sufeto ya rufe kwanon shinkafarsa. Shekara goma sha tara yana aikin ɗan sanda. Ya bi sawun ɓarayin shanu da na babur da na injin ban ruwa, har da wanda ya taɓa kwance lasifikar masallaci. Ɓarawon allura dai bai taɓa gani ba. Mutanen da ya sani gudunta suke yi.

Asibitin ɗaki biyu ne a gindin darbejiya. Ma'aikaciyar lafiyar, Malama Fauziyya, tana zaune a kan benci, idanunta sun yi ja.

"Ki natsu, ki faɗa mini daga farko," in ji Sufeto.

"Tsofaffi huɗu ne ba su samu zuwa babban asibitin Bagwai ba ranar da aka yi wa sauran maniyyata allurar sanƙarau. Na roƙa aka ba ni tasu, na taho da ita da safe a cikin kula. Na ce su zo bayan La'asar in rana ta yi sanyi. Wajen ƙarfe goma da rabi aka kira ni gidan wata mai naƙuda. Da na dawo sha biyu, babu kula."

"Kin kulle ƙofa?"

"Na kulle, yallaɓai."

Sufeto ya kai hannu ga kwaɗon da ke rataye a ƙusa. Gizo-gizo ya yi saƙarsa a jiki har ya gama. Ya nuna mata shi.

Ta sunkuyar da kai. "Ban kulle ba. Mun daɗe ba ma kullewa. Wa zai shiga asibiti ya yi sata?"

Ya leƙa ɗakin. Wayarta na kan tebur tana caji, ga abin awon jini, ga fitila mai sola sabuwa fil. Ɓarawon ya tsallake duk abin da za a iya sayarwa, ya ɗauki abin da ba mai saye.

"Allurar za ta yi kwana nawa a cikin kular?"

"A zafin nan, in ba a sa sabuwar ƙanƙara ba, kafin wayewar gari ta lalace. Kuma ita ce ragowar da ke Bagwai. Wata allurar sai ƙarshen mako."

"To su jira ƙarshen mako mana."

"Uku za su iya jira, jirginsu na baya ne. Inna Hure ce matsalar. Ƙa'ida ita ce a yi allura kwana goma kafin tashi, ita kuwa jirgin farko ne, saura kwana goma sha ɗaya. In gobe ta wuce ba a yi mata ba, babu katin shaidar allura, babu Makka bana." Ta share ido. "Shekararta saba'in da wani abu, yallaɓai. Wa ya san baɗi?"

Sufeto ya rubuta sunan a littafinsa, ya ja layi a ƙarƙashi. "Wa kika yi wa wannan bayanin na kwana goma?"

"Duk wanda ya tambaya. Mijinta ma, Malam Dabo, sau biyu ya zo yana tambaya. Bawan Allah, ya fi ta damuwa da tafiyar."

Mai gadin asibitin, Mani, yana tsugune a inuwa yana jan carbi da sauri fiye da yadda zikiri yake buƙata.

"Ka bar bakin ƙofar nan yau?"

"Ni? Ko ƙafa ban ɗaga ba, yallaɓai."

"Wa ya shiga?"

"Ko ƙuda."

Sufeto ya zauna kusa da shi, ya jawo wani kwano daga ƙarƙashin benci. Tumatir ne guda shida, jajaye, har da ɗanyen ganye a jiki.

"Wannan fa, daga sama ya faɗo?"

Mani ya ajiye carbin. "Kyauta aka ba ni. Kwando guda ne, sai na ce bari in ruga in kai gida kada rana ta dafa shi. Minti goma kacal, wallahi."

"Wa ya ba ka?"

"Wani mai wucewa ne, ban gane fuskarsa ba."

"Mani, a garin da kowa ya san akuyar kowa, mutum ya ba ka kwandon tumatir, ka ce ba ka gane fuskarsa ba?"

Mani ya ƙura wa ƙasa ido, ya ƙi ƙara ko kalma. Sufeto bai matsa masa ba. Ya san tsoro in ya gan shi, wannan kuwa ya fi kama da kunya. Akwai wanda Mani yake jin nauyinsa.

Ƙishi ne ya kai su shagon Zubair, wanda shi kaɗai ke da firiza mai sola a garin. Kofur ya nemi ruwa mai sanyi.

"Sai haƙuri, yallaɓai, ruwan dai da ɗan dama. Ƙanƙara kuwa ta ƙare tun kafin Azahar."

"A rana ɗaya?" in ji Sufeto.

"Mutum ɗaya ya kwashe. Ya zo ya ɗauki biyar, ya koma, ya sake dawowa ya ɗauki ragowar. Har ya ce in ajiye masa ta gobe da ta jibi."

"Biki ake yi?"

Zubair ya yi dariya. "Abin da na tambaye shi ke nan. Baba Dabo fa, mai lambun tumatir. Shekara huɗu da na kawo firizar nan, ko ruwan leda bai taɓa saya ba."

Sufeto ya ajiye ruwan bai sha ba. Bincike ya nufi inda ba ya so.

Gidan Malam Dabo yana ƙarshen gari. Suka yi sallama, aka ce su shigo. Inna Hure ƙaramar tsohuwa ce mai faran-faran, tana zaune a tabarma tana ɗinke aljihun ɓoye a jikin jakar tafiya.

"Lale da manyan baƙi! Kun zo a sa ku cikin addu'a ne? Ku faɗi sunayenku, ina da jerin mutane kamar rajistar makaranta."

"Inna, kin ji abin da ya faru a asibiti?"

"Na ji, ɗana. Allah ya shirye shi ko wane ne. In an kira ni, ba mai hanawa."

"Akwai wanda ba ya son tafiyar taki?"

"Ni kuwa wa na tsare wa? Ɗanmu Auwalu ne ya biya kujerar, kuma ubansa ya fara yi wa tayi. Malam ya ce a'a, a ba ni, na fi shi sha'awa. Ka ga mai irin wannan halin?"

Ta buɗe labulen ɗakinta don ɗauko musu tabarma. Sufeto ya hango bangon ciki. Wayam yake, sai shatin da jeren kwanuka ya bari a jiki. A gindin murhu ma babu tukunya ko ɗaya.

"Ina kayan ɗakin naki, Inna?"

"Na raba. Me zan yi da su?" Ta faɗa da murmushi, kamar mai maganar tsohon zane.

A daidai nan Malam Dabo ya yi sallama. Dogon tsoho ne, busasshe, gemunsa fari tas. Da ya ga kakin 'yan sanda sai ya tsaya cak. Bayan rigarsa a jiƙe yake daga kafaɗa har ƙugu.

"Baba, an ce yau ka yi cinikin ƙanƙara," in ji Sufeto.

"E, haka ne. Zoɓo za a yi wa masu zuwa sallama."

Inna Hure ta ɗago. "Wane zoɓo kuma, Malam? Ni ban ga ƙanƙara a gidan nan ba. Kai da ko ruwan randa sai ka bar shi ya rage sanyi saboda haƙoranka?"

Sufeto ya miƙe a hankali.

"Baba, zo ka nuna mini lambunka. An ce tumatirinka ya yi kyau bana."

Suka bi ta bakin hanyar ruwa, Dabo a gaba, bai waiwayo ba ko sau ɗaya. A ƙarshen lambun akwai 'yar bukka inda yake ajiye injin ban ruwa. A cikinta an haƙa rami daidai gwiwa, an rufe shi da jiƙaƙƙun buhunan algarara har hawa uku, yadda manoma ke lulluɓe kwandon tumatir don ya kai kasuwa bai yi laushi ba. Sufeto ya yaye su. Kular tana zaune a tsakiya, ƙanƙara ta kewaye ta.

"Ban buɗe ba," in ji Dabo. "Na ji 'yar nan ta asibiti tana cewa zafi ne ke kashe allurar. Hakkin mutum uku na ciki, ba zan ɓata musu ba. Jibi da safe na yi niyyar mayarwa."

"Jibi, bayan wa'adin allurar Inna ya wuce."

"Haka ne."

"Baba, kai ka bar mata kujerar."

Tsohon ya zauna a kan bututun injin. "Ni na bar mata, don na ɗauka zuwa za ta yi ta dawo. Yallaɓai, ka ga ɗakin. Ta raba kwanuka, ta ba da akuyarta. Tukunyar miyar da ta zo da ita gidana tana amarya, ta ba maƙwabciyarmu Aina'u. Ta zaunar da matar Auwalu kwana uku tana koya mata yadda ake dama mini fura. Kowane maniyyaci yana bi gida gida neman gafara, na sani. Amma ita har da nuna mini inda allura da zare suke. Kullum bayan sallah ina jin ta tana roƙon Allah ya ɗauki ranta a can, a binne ta a Madina."

Ya share fuska da hannun riga.

"Shekara hamsin da biyu, ban taɓa cin tuwon dare ba tana wani gari. Addu'arta mai kyau ce, ba zan iya ce mata ta daina ba. Kuma ba zan iya cewa amin ba. Shi ne shaiɗan ya nuna mini kula."

Sufeto ya dubi ruwan da ke gudu a hanyarsa. Ya sha kama mutanen da suka yi sata don yunwa ko haɗama, amma bai taɓa kama irin wannan ba. Tausayin tsohon ya kama shi.

"Ɗauko kular, Kofur," ya ce. "A hankali."

A asibiti Fauziyya ta buɗe ta, ta duba alamar da ke jikin kowace kwalba. Babu wadda ta canza launi. Ta yi hamdala da ƙarfi har Mani ya leƙo.

Aka aika aka kira tsofaffin huɗu. Kafin Inna Hure ta iso, labari ya riga ta zuwa. Ta shigo ba ta dubi kowa ba, ta zauna, ta janye mayafi daga damtsenta. Allura ta shiga, Fauziyya ta cike katin mai ruwan ɗorawa, ta buga hatimi, ta miƙa mata.

Dabo yana tsaye a gindin darbejiya kusa da motar 'yan sanda. Kofur ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa, Sufeto ya girgiza masa kai.

"Baba, dole mu je ofis ka ba da bayani. Kayan gwamnati ka ɗauka. Zan rubuta cewa ka kula da su fiye da masu su, amma zuwa dole ne."

"Na sani, yallaɓai. Mu je."

Inna Hure ta fito riƙe da katinta, ta tsaya a gabansa. Mutane suka ja baya.

"Malam, da bakinka ba za ka iya faɗa mini ba, sai ka zama ɓarawo da furfura?"

Dabo bai iya ɗago kai ba.

"Makka dai zan je, in Allah ya yarda," ta ce. Ta jujjuya katin a hannu. Can ta juya wajen matan da suka taru. "Aina'u tana nan?"

"Ga ni, Inna."

"Tukunyar miyar nan da na ba ki, ki wanke ki mayar mini ɗaki. Aro na ba ki. In na dawo da me zan yi wa wannan tsohon miya?"

Kofur ya buɗe ƙofar mota. Dabo ya sa ƙafa ɗaya, ya tsaya, kafaɗunsa na rawa. Sufeto Abdulrashid ya riƙe masa hannu har ya zauna, sannan ya ce wa direba ya ja a hankali, akwai dattijo a ciki.