Na'urar Ɗakin Ajuji

Itacen ranar ɗanye ne, shi ya sa ruwan wankan Badi'a bai tafasa ba sai da rana ta yi ja. Mai jego ba ta wanka da magariba, kowa ya sani, ita ma ta sani. Amma ta tsaya tana kallon tukunyar, hayaƙi yana shigar mata ido, ko kawar da kai ba ta yi ba. Haka ta koma tun da aka fita da gawar 'ya'yanta biyu. Lawan ya tafi kafin yaye, Zuwaira ko zama ba ta fara ba. Na ukun yana kwance a ɗaki, bai yi arba'in ba.

Sunansa na yanka Ɗayyabu, amma ba mai kiransa da shi. Gwaggo Atika, ƙanwar mahaifin Badi'a, da ta zo daga Ringim ta taya ta jego, ita ta sa masa Ajuji, wato abin da aka tsinta a juji. Ta ce wabi ne, akwai masu zuwa ɗaukar 'ya'yan, kuma muryar waɗanda suka riga suka tafi suke ara.

"Kada ki nuna kina son sa, 'yar nan," in ji Gwaggo. "Abin da ake so shi suke ɗauka. Na yasarwa ba sa waiwayarsa."

Wannan umarni bai yi wa Badi'a wuya ba. Ni ƙawarta ce tun muna 'yan mata, na san ta da dariya har da riƙe ciki. Ganin ta haka shiru ya fi ba ni tausayi fiye da a ce kuka take.

A Sharaɗa suke zaune, a ɗakunan ma'aikata da ke bayan wata masaƙa da aka rufe tun tuni. Layin ɗakunan duk ya watse, sai su kaɗai. Mijinta Gwadabe a kamfanin fatu yake aiki a Challawa, yakan fita da la'asar, sai dare ya yi yake dawowa. Banɗakin kuwa can ƙarshen layi yake, jikin katanga, inda janareton kamfanin robar maƙwabta ba ya bari a ji kukan yaro. Da Gwaggo ta koma gida, sai Gwadabe ya je wurin abokinsa Uba mai shagon kayan waya, ya zo da na'urar sauraron jariri iri biyu, a zaɓi ɗaya a mayar da ɗaya.

"Wannan mai kyamara ce, da intanet take aiki," ya ce mata. "Ina Challawa zan riƙa ganinsa a wayata. Sai dai Uba ya ce in ba a yi hattara ba, wani ƙato daga wata uwa duniya yana iya kutsowa ya kalli ɗakinka, har ya yi magana."

"Ɗayar fa, Malam?"

"Ita sauti kawai. Ba ruwanta da intanet. Rabi a ɗaki, rabi a hannunki, in kin danna nan shi ma ya ji muryarki. Ba ta jin nesa, iyakarta katangar nan. Duk abin da kika ji a ciki, to a gidan nan yake."

Shi ya fi son mai kyamarar, ka san maza, so yake ya riƙa nuna wa abokan aiki ɗansa lokacin cin abinci. Badi'a ta ce a bar mai sautin. Ya ɗauka tsoron ƙattin intanet take ji. Ba shi ba ne. Ba ta son ido ya yi yawa a kan yaron, har da na ubansa, har da nata.

To, a wannan ranar Badi'a ta shayar da Ajuji ya yi barci. Ta gyara wuƙar da Gwaggo ta sa ƙarƙashin matashinsa, ta kunna na'urar, ta kulle ɗakin. Ta ɗauki bokitin ruwan zafi da damin ganyen darbejiya ta bi layin. Kwatar bayan katanga tana tashin warin rini da ƙonanniyar roba. A titi wata tirela tana ta kokawa da rami.

Ta rataye na'urar da mukullin a ƙusa ɗaya. Ta tsoma ganyen ta fara fyaɗa wa jikinta. Tururi ya cika banɗakin. Daga cikin na'urar numfashin yaron yana fitowa a hankali, yana sauka.

Can wajen babban titi aka kira sallar magariba.

Sai janareton ya mutu.

Badi'a ba ta taɓa jin Sharaɗa shiru haka ba. Tana jin ɗigar ruwa daga ganyen hannunta.

A cikin na'urar, ƙofa ta yi ƙara. Ta san ƙarar, ta ɗakinta ce, takan ja ƙasa kafin ta buɗu. Ta ɗaga kai ta dubi ƙusa. Mukullin yana nan.

Sawu a kan leda. Ƙananan ƙafafu, ba takalmi. Ba na mutum ɗaya ba.

Sai tari. Ɗan siririn tari mai fito a ƙarshensa. Ta kwana da tarin nan a ƙirjinta har ranar da ya ɗauke Lawan.

"Ga shi nan," in ji wata murya ta yaro, a raɗa.

"Barci yake?" Wannan ta yarinya ce.

"Ɗayyabu. Ɗayyabu."

Tun ranar suna ba a sake faɗin sunan nan a gidan ba.

Ta gaya min daga baya cewa abin da ya fara zuwa mata a rai shi ne ɗaya na'urar. Da ita suka zaɓa, da sai ta ce wani ɗan iska ne daga nesa yake wasa da hankalinta, ta kashe ta huta. Wannan kuwa ba ta jin nesa.

Ta so ta yi addu'a. Amma a banɗaki take, ba sutura.

"Mu ɗauke shi?" in ji yarinyar.

"Tsaya. Mu ga ko za ta zo."

"In ta zo fa?"

"In ta rugo, namu ne."

Hannun Badi'a yana kan sakatar ƙofa. Ba ta san lokacin da ya kai can ba.

Ajuji ya farka. Ya tsandara kuka, irin wanda ba na yunwa ba, na wanda aka taɓa da hannu mai sanyi. Nononta ya kawo, ya zubo ya bi ruwan jikinta. Ƙafafunta so suke su tafi.

Ta saki sakatar.

Ta cire na'urar daga ƙusa. Ta danna.

"Ku ɗauka," ta ce. "Ba na son sa. A juji na tsince shi, can zan mayar da shi."

Muryarta ba ta yi rawa ba. Ta fito kamar mai tambayar a miƙo mata gishiri.

Kukan ya tsaya cak.

Shiru. Numfashi uku a cikin na'urar.

"Da gaske take," in ji mai muryar yaron nan.

Sai yarinyar ta ce:

"Lokacinmu ta yi kuka."

Sawun suka juya. Ƙofar ta ja ƙasa. Daga nan ba a cikin na'ura take jin su ba, a waje ne, a kan tsakuwar layin, suna tahowa.

Suka tsaya a bakin banɗakin.

Ƙanshin hodar jarirai ya shigo ta ƙasan ƙofar langa-langa, haɗe da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Ba ta dubi ƙasa ba. Ta tsoma ganyen a bokiti, ta ci gaba da wanka.

Tari ɗaya.

Sai janareton ya tashi.

Sai da ta ƙarar da ruwan tas, ta ɗaura zani, ta taka a hankali kamar wadda ba abin da ke jiran ta. Ɗakin a kulle yake. Wuƙar tana tsakar ɗaki. Ajuji yana kwance inda ta bar shi, da ransa, idonsa biyu, yana kallon na'urar da muryarta ta fito. Ta ɗauke shi. Ya juyar da fuska.

Ba su ƙara kwana a Sharaɗa ba. Suka kama ɗaki kusa da ni a Zawaciki, Gwadabe ya mayar wa Uba na'urar ya karɓo mai kyamarar. Ba wanda ya sake zuwa, ko ƙato ko wanin ƙato. Ɗayyabu ya rayu. An yaye shi, yana gudu yanzu, ga ƙiba, ga surutu, har malaman unguwa sun ce a daina kiransa Ajuji.

Ubansa yana ganinsa a waya daga Challawa, yadda ya so tun farko, amma ba ya nuna wa kowa. Yaron zai yi ta wasa yana ƙyalƙyala dariya shi kaɗai. Da uwarsa ta shigo, sai ya yi tsit, ya juya ya fuskanci bango har ta fita. Yana zuwa wurin kowa. Ko mai sayar da ruwa ya gani sai ya miƙa masa hannu.

Ranar da Badi'a ta ba ni labarin, Ɗayyabu yana zaune a cinyata yana jan ɗankunnena. Tsigar jikina ta tashi. Na ce mata ai ƙarya ta yi musu, don ta cece shi ta faɗa, kuma ga shi ta cece shi.

Ta kalle shi, idonta a bushe.

"Su dai sun yarda," ta ce. "Shi ma ya yarda."

Ta miƙa masa hannu biyu. Ya ƙanƙame wuyana.