Littafin Ƙofa Ta Arba'in Da Bakwai

Ranar Laraba da hantsi aka kawo ƙarar. Fankar ofis ta tsaya tun safe, Sufeto yana fifita da fayil, sai Saje ya leƙo.

"Yallaɓai, ga wata sata da ban taɓa gani ba. Ɓarawon ya dawo da kayan."

"To su gode wa Allah su tafi."

"Wai dawowar ce matsalar."

Mutum biyu suka shigo. Na gaba ƙato ne mai katin aiki a wuya, ya ce shi ne shugaban rukuni a ofishin ƙididdiga. Bayansa ma'aikaciyarsa ce, wata siririyar mata rungume da baƙar jaka. Oga take ce masa, ita kuma 'yan unguwa Mai Sikeli suke kiranta.

"Yi mini bayani kamar ban yi makaranta ba," in ji Sufeto, "don dama ban yi mai yawa ba."

Oga ya gyara zama. "Aikinmu shi ne auna abin da gidaje suke samu da abin da suke kashewa a duk ƙasa. Ba za mu iya shiga kowane gida ba. Sai mu bi unguwa mu rubuta wa kowace ƙofa lamba da alli, na'ura ta zaɓi goma. Kowacce a ba ta littafi na kwana bakwai, su rubuta abin da ya shigo, abin da aka saya, abin da aka dafa. Ita kuma tana zagayawa duk bayan kwana biyu da sikeli tana auna abincin. Ƙofa ɗaya tana tsaya wa ƙofa dubu."

"Sai a ba su me?"

"Ba a ba da komai. Ƙidaya ce kawai."

"Su sun san haka?"

"Muna dai faɗa musu."

Ga yadda abin ya faru. Ran Litinin Mai Sikeli ta tattara littattafanta goma, jakar ta ɓace a wani gidan haya. Yau da safe aka same ta rataye a ƙyauren gidan. Kwamfutar hannu tana ciki, sikeli yana ciki, littafi goma cif. Sai dai littafin da take ajiyewa na ko-ta-kwana, wanda ba a rubuta komai a ciki ba, babu shi. Na ƙofa ta arba'in da bakwai kuma ba shi ne na da ba.

"Ita ta yi," in ji Oga. "Ba ta yi aikin gidan ba, ta zauna ta ƙirƙiro, ta fake da sata. Jibi Juma'a zan aika sunanta sama. Kora ce, sannan kotu."

"'Ya'yana uku, Yallaɓai," in ji matar.

Sufeto ya buɗe littafin. Rubutu ne na dattijo, manyan baƙaƙe, an danna biro har ya kusa huda takarda. Mutanen gida: biyu. Litinin, shinkafa giram ɗari da tamanin, gishiri. Talata, burodi rabi, shayi ba madara. Abin da ya shigo: babu. A gefen kowane shafi an ƙara wani layi da hannu: Allura, ba a saya ba.

"Wannan layin fa?"

Oga ya taɓe baki. "Shi ya tona ta. Littafinmu ba shi da gurbin abin da ba a saya ba. Abin da aka kashe muke ƙirgawa."

Sufeto ya dubi kwamfutar hannun, wadda za ta sayi buhun shinkafa uku. Ɓarawo ya kwana biyu da ita bai taɓa ta ba.

Gidan hayar dogon zaure ne, ɗakuna dama da hagu, igiyar shanya ta ratsa tsakiya. Ƙofa ta arba'in da bakwai ta wani tela ce. Suka same shi a kan keke, awo a wuya, yara suna ta shige da fice.

"Wannan littafinka ne?"

Tela ya duba shafi biyu, idonsa ya yi haske. "Nawa ne, ranka ya daɗe. Ni na rubuta da hannuna. Wahala ta yi mana yawa."

"Ku nawa ne a gidan?"

"Mu... biyu."

Saje ya ƙirga takalman da ke bakin ƙofa da tsinin sandarsa. "Yallaɓai, mutum biyu masu ƙafa goma sha takwas."

Matar tela ta ɗaga labule da ludayi a hannu, ƙamshin nama ya biyo ta. "Baban yara, ka ji tsoron Allah. Mu tara ne, Yallaɓai. Littafinmu ni na cika shi, don shi ko sunansa da ƙyar yake rubutawa. Tun da aka kawo littafin ba ya barci, wai masu haraji ne. Yanzu ya ga na talauci yana so ya rungume, ko za a ba shi tallafi."

"Ke wa ya tambaye ki?"

"Akwai mai yin allura a ɗakinku?" Sufeto ya tambaye ta.

"Sai ta keke."

Da za su fita Sufeto ya bi ƙofofin da ido. Allin duk ya koɗe, wasu lambobin ma ba sa karantuwa, yara sun goge da kafaɗa. Ɗaya ce kawai take fari tas, kamar yanzu aka rubuta: arba'in da takwas, ƙofar da ke jikin ta tela. A rufe take.

Ya sa aka kira masa Mai Sikeli ita kaɗai, ba Oga.

"Kin ce jakar ba ta taɓa barin kafaɗarki ba."

"Haka ne."

"Malama, da jaka kike sallah?"

Ta sunkuyar da kai. Ta yarda ta ajiye ta a bakin ƙofar tela, ta shiga ciki ta yi azahar. Ta ɓoye ne don dokar aiki ta hana ajiye jaka.

"Akwai wanda ya taɓa roƙon ki ki rubuta shi?"

"Kowa ma yana roƙo."

"A gidan nan nake nufi."

"Na yi rantsuwa ba zan faɗi sirrin gidan kowa ba."

"Rantsuwarki ta gidajen da aka zaɓa ce. Wanda ba a zaɓa ba fa?"

Hawaye ya cika mata ido. Sufeto ya gane ta san mutumin, ya kuma gane ba za ta faɗa ba, ko da jibi za ta kwana a bayan kanta.

"Kin san abin da ke jiran ki?"

"Na sani, Yallaɓai. Shi ma na san abin da ke jiran sa."

Ran Alhamis da safe Sufeto ya tsaya a kantar ofis lokacin canjin aiki. Saje yana rufe littafin kanta: ya ja layi da rula, ya rubuta lokaci, ya rubuta an miƙa aiki komai lafiya, ya sa hannu.

Sufeto ya zaro littafin ƙididdigar daga aljihu ya ajiye kusa da na Saje. A ƙarshen kowace rana an ja layi miƙaƙƙe. Ƙarƙashinsa lokaci, ƙarfe shida. Sannan: An rufe, komai lafiya. Ko ranar da aka rubuta ba a dafa komai ba, haka aka rufe ta.

"Saje, wa yake rufe rana haka?"

"Mu."

"Sai wa?"

Saje ya sosa ƙeya. "Sai masu gadi. Na kamfani, masu littafi a get."

Da suka koma gidan hayar, matar tela ba ta ɓata musu lokaci ba. "Baba Maigadi ke nan, na ƙofar kusa da mu. Shekara ashirin da shida yana gadin masana'anta kafin a rufe ta. Matarsa ce ba ta da lafiya, ciwon suga. Kullum da safe sai ya fito ya sake bin lambar nan da alli, wai kada su zo su rasa ta."

Tsohon da kansa ya buɗe ƙofa. Dogo ne, ya rame, rigarsa tsohuwar kakin gadi ce amma a goge take. Da ya ga Sufeto sai ya haɗe ƙafa ya ƙame.

Ɗakin ba komai sai katifa, risho, da tukunya ɗaya a kife. Matarsa tana kwance ta juya wa ƙofa baya, ƙafarta ɗaya a naɗe da tsumma.

"Baba, ka san jakar Mai Sikeli?"

"Ban taɓa ganin ta ba."

"Kofin shinkafarka giram nawa ne?"

"Ɗari da tamanin."

"Da wane sikeli ka auna?"

Tsohon ya durƙusa ya ɗaga gefen katifa a hankali don kada matar ta motsa. Ya zaro littafin tela, a naɗe cikin leda, ko kusurwa bai lanƙwashe ba.

"Ban ƙona ba, ranka ya daɗe. Takardar hukuma ce."

"Me ya sa, Baba?"

"Sau huɗu ina tare yarinyar nan a zaure. Na ce 'yata, ki rubuta mu. Ta ce ba ita ta zaɓa ba, na'ura ce. Na ce to ki gaya wa na'urar tsakanina da tela bango ɗaya ne. Ta ce goma ake karɓa, in ta kai sha ɗaya zubarwa za a yi." Ya nuna wasu kwalayen magani da aka farke, bayansu cike da rubutu. "Duk satin da suke cika nasu, ni ma ina cika nawa a nan. Ran Litinin na ga jakar a ƙasa. Shekara ashirin da shida ban bar ko ƙusa ta fita daga get ba, sai ga ni na ɗauki jakar mutane. Na kwafe nawa a sabon littafin, na sa lambar tela. Shi tela yana cin nama. In an cire shi ba zai mutu ba."

"Kana tsammanin za a ba ka tallafi?"

"Ta gaya mini ba a ba da komai. Ban yarda ba da farko. Daga baya na ce ko ba a bayar ba, a dai gani. Wani a can sama ya buɗe ya ga wata uku ba a yi wa matar nan allura ba."

"Ka san yarinyar za a kora gobe, a kai ta kotu?"

Tsohon ya ɗago da sauri. "Ita? Me ta yi? Na fa mayar da komai!"

Sufeto ya fita zaure ya kira Oga a waya.

"An samu littafinka, lafiya ƙalau. Tsoho ne, bai ci ko sisi ba. Ku janye."

"Ba a hannuna yake ba, Sufeto. Rahoto ya riga ya tafi cewa an taɓa sirrin gida goma. Ko dai takardar 'yan sanda da sunan wanda ya yi, ko sunanta. Ɗaya za su karɓa."

"Littafin da ya cika fa?"

"Sokewa za a yi. Da ya wuce, da alƙaluma sun nuna gida dubu suna cin giram ɗari da tamanin a rana."

"To ƙarya ne?"

"Ba a zaɓe shi ba, Sufeto."

Sufeto ya kashe wayar. Shekara ashirin yana kama mutane, ya san kalar ɓarawo, ya san kalar maƙaryaci. Wannan kuwa bai san inda zai ajiye shi ba. In ya bar tsohon, mai 'ya'ya uku ta tafi. In ya ɗauke shi, ga matar nan a katifa. Ya duba ko akwai hanya ta uku, bai gani ba.

Ya kira matar tela. "Ki riƙa leƙa ta. Zan yi ƙoƙarin beli kafin yamma, in an samu mai tsaya masa."

"Baban yara zai tsaya," ta ce, tana harar mijinta. Tela bai ɗaga kai daga keke ba.

Saje ya ciro ankwa. Sufeto ya girgiza kai, Saje ya mayar.

Tsohon ya gyara wa matarsa zane, ya ce mata zai je ofis ya dawo. Ya jawo ƙofa. A zaure ya tsaya ya dubi lambarsa, ya laluba aljihu ya ciro guntun alli, sai kuma ya mayar.

"Ranka ya daɗe, nawa littafin, za a karanta?"

Sufeto ba ya ƙarya a bakin aiki. "Ba za a karanta ba, Baba."

Suka taka har bakin mota. Saje ya buɗe ƙofar baya.

"A wajenku fa, ana rubuta bayanin mutum?"

"Ana rubutawa."

"Duk abin da ya faɗa?"

"Duk abin da ya faɗa. A sa hannu, a buga hatimi."

Tsohon ya gyara wuyan kakinsa ya shiga mota.

"To mu je," ya ce. "Daga Litinin zan fara."