Shittu Ya Bar Taurari

"Taurari?" Husainatu ta taɓe baki. "Yaya Shittu, taurari za mu dahwa in an ɗaura muna aure?"

Shittu, ɗan gwaggonta, ya sunkuyar da kai a ƙofar gidan su Husainatu da ke Wurno. Shekaru ke nan yana Rimawa gaban Malam Mode, yana koyon lissafin taurarin damina, irin wanda manoman bakin gulbi ke zuwa tambaya kafin su zuba iri.

"Rabin raina, shi zuciyata ka so..."

"Zuciya! Sa'o'inka duk sun kama fikihu, gobe su na muhutai, jibi alƙalai. Kai ko kana can kana ƙirga sama, ana biyanka da albasa."

Mahaifinta, Malam Bube, ya riga ya yanke magana: ba zai ba da 'yarsa ga wanda bai zauna gabansa ya karanta fikihu ba. Ita kuwa tana son Shittu kamar ta mutu, shi ya sa take gasa masa magana son ranta.

Maganar ta yi aiki. Ranar wata Laraba da hantsi sai ga shi da gafakarsa, ya durƙusa a zaure cikin ɗalibai. Husainatu ta laɓe bayan zana, daɗi kamar ya kashe ta.

Malam Bube ya dube shi. "Madalla. To, malaminka ya sallame ka?"

Ka'ida ce da kowa ya sani: ɗalibi ba ya sauya malami sai ya koma ya nemi sallama, an sa masa albarka. Shittu bai je ba. Kunya ta hana shi haɗa ido da tsohon da ya ci da shi, ya yi jinyarsa lokacin da masassara ta kusa ɗauke shi. Da ya faɗi haka, da an ce ya koma ya dawo, shi ke nan. Amma gogan naka sai ya gyara murya.

"Allah shi gafarta malam, wanga ba malamin da za a nemi sallamatai ba ne. Abin nai ya fi kusa da duba... ni tsira nis samu."

Ɗalibai suka kwashe da dariya. Shittu ma ya taya su, har da tafa cinya.

Husainatu ta ja da baya daga jikin zanar. Shi da bakinsa ya sha gaya mata Malam Mode ko mafarki ba ya fassarawa, don gudun a kira shi boka. Ga shi yau ya shafa wa tsohon baƙin da zai bi shi har kasuwar Goronyo.

Da la'asar ya zo zance, ya sha sabuwar riga, baki har kunne.

"Abar ƙaunata, an buɗa mani littafi! Kawu ya amince."

Ta dube shi tun daga hula har takalmi. Ba ta taɓa lura haka kafaɗunsa suke a zube ba.

"Na jiya. Ina bayan zana."

"To mi ya ɓata maki rai? Ba ke kika ce..."

"Ni nac ce ka bar taurari, kuma ban yahe ma kaina ba. Amma ban ce ka yanka mutumin da ya riƙe ka ba."

"Don ke na yi, Husaina..."

"Shi na abin da ya fi ba ni ƙyama."

Hawaye suka zubo mata, ta bar su, ko hannu ba ta kai ba. Har yanzu tana son sa, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

"Tahi ka yi fikihunka, Yaya, ƙila ka zan alƙali. Ni dai ba ni zama gidan da za a kawo maka shari'a ina bayan zana, ina sane da kai."

Ta shige gida ta ja ƙyaure.