Bokitin Tarakta a Hanyar Zoza

Duk Karaye da Rogo babu wanda ya san haidirolik, aikin man da ke ɗaga ƙarfen inji, kamar Injiniya Ɗanmaliki. Shi ya faɗa da bakinsa.

Da magariba a hanyar Zoza, bokitin tarakta ya riƙa saukowa da kansa. Injiniya ya kwance bawul, mai ya tsiyaye tas, bokiti ya tsaya cak a sama.

"Ka ga ilimi?" ya ce da direba, Hammawa. "Shiga ƙarƙashi ka duba tiyo."

"Ranka ya daɗe, mu tokare da itace."

"Ƙauyanci. Shiga."

Hammawa ya shiga. Sai daga baya Injiniya ya tuna: babu mai, me ya riƙe bokitin? Ya haska tocila. Wani tsoho ne ya tallafe shi da yatsa ɗaya, ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa.

"Injiniya," in ji tsohon, "na gaji."

Injiniya ya ja da baya, ya bar Hammawa a ƙarƙashin bokitin.