Kamilu Gwauro da Dakta F. Kallamu

Mai ba da labarin nan ko sunayen jikokinsa cakuɗa su yake, amma waɗannan biyun sun zauna masa daram.

San huɗar Kamilu ne ya ƙi cin abinci ana gab da shuka. Aka ba shi lambar likitan dabbobi a Ɗanbatta, Dakta F. Kallamu. Ya tura saƙo: "Ranka ya daɗe, sa na ba lafiya."

Sai ga budurwa da jaka ta sauko daga acaɓa.

"Ina Daktan?" in ji Kamilu.

"Ranki ya daɗe za ka ce. Falta nake. Dakta ba ta san namiji ko mace ba."

San ya warke, mai san ya kwanta. Kullum saƙo: "Daktata, ni ma na daina cin abinci." Ita kuwa: "Manomina, ni ta masu ƙafa huɗu ce. Amma zo mu gani."

Da maganar ta je gida, Abdulhadi, malamin gona da ya daɗe yana zarya wajen Falta, ya raɗa wa mahaifinta cikakken sunan yaron: Kamilu Gwauro.

"Gwauro?" in ji Malam Kallamu. "Suna linzami ne. Gidan da mata ba sa zama zan kai 'yata?"

Falta ta rubuto: "Baba ya ƙi. Wai ina kuka samo sunan nan?"

Kamilu bai taɓa tambaya ba. Ya nufi ɗakin kakarsa Asiya.

"Kai, miji na banza!" ta ce. "Kakanka sa ɗaya gare shi, kowa na huɗa da biyu. Sai mutanen garinmu Makoda suka sa masa Mai Gwauron Sa. Da aka sa ka makaranta, hedimasta ya ga sunan ya yi tsawo, ya datse. Ni da shi kuwa har haƙoranmu suka ƙare muna tare."

Tsohuwa ta yafa mayafi ta je ta maimaita gaban Malam Kallamu, har da buɗe baki ya ga shaida. Malam ya yi dariya har hula ta faɗi.

Bayan girbi aka ɗaura aure, aka yi addu'ar zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.

Sunan da aka yi ta rigima a kai, Falta ba ta ɗauka ba. Dakta F. Kallamu take har yau.