Ƙwaya Biyu a Jikin Gazala

Ranar da abin zai faru, iskar garin Duz ta kwanta luf, ganyen dabino ko motsi ba ya yi. Duk ɗan garin ya san irin wannan shirun ba ya ƙarewa da alheri.

Da hantsi wata mata mai suna Nabiha ta shigo ofishin Sufeto Munsif, ta ce an sace Gazala, karyar farautar mahaifinta. Baba Ɗahir ya tsufa, mantuwa ta cinye masa hanyar gida. Kullum in ya fita, karyar ce ke dawo da shi. Yau da ya rasa ta, can cikin tudun rairayi aka tsinto shi, ba takalmi, yana tambayar raƙuma ko sun ganta.

Munsif ya hango kansa cikin rairayin nan wata rana, 'ya'yansa suna kira, shi kuwa bai gane muryar ba.

Da Munsif ya je bincike, mai shayin unguwar su Baba Ɗahir ya fara cewa bai ga komai ba. Da aka matsa masa, ya tuna da farar motar Luɗfi mai kiwon karnuka.

A gidan Luɗfi suka sami karyar, kwance kamar hayaƙi ya sauka ƙasa, ta ƙi abinci. Luɗfi ya rantse tun tana 'yar kwikwiya yake kiwonta, ya ce a kira likitar dabbobi, ai ƙwayar shaidar da ake sa wa karnuka ƙarƙashin fata ba ta ƙarya. Dakta Wafa ta ɗora na'ura a wuyan karyar. Lamba ta fito, da sunan Luɗfi.

"To yallaɓai, sai a ba ni haƙuri ko?" in ji Luɗfi yana dariya.

Munsif ya ce, "Yaushe aka sa mata?"

"An daɗe."

"Shi ya sa gurbin allurar bai bushe ba?"

Luɗfi ya ce cizon kaska ne.

Nabiha ta dage cewa marigayiya mahaifiyarta ta taɓa kai karyar an sa mata ƙwaya. Likitar ta ce ƙwayar takan yi tafiya a hankali cikin jiki, ta bar inda aka ajiye ta. Munsif ya durƙusa yana shafa karyar kamar yadda yake shafa 'yarsa in zazzaɓi ya kama ta. Can ƙasan hammata yatsansa ya taɓa wani abu kamar ƙwayar shinkafa.

Da aka ɗora na'urar a wurin, ta yi ƙara. Sunan Mabruka ne, matar Baba Ɗahir.

Luɗfi ya zauna a ƙasa.

"Wallahi na sa an duba wuyan, babu komai. Na ce tsohon ma ba zai tuna yana da karya ba."

Munsif ya ce, "Shi ya manta, ita karyar fa?"

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya sa masa ankwa, aka wuce da shi mota.

Da la'asar suka kai ta gida. Gazala ta je ta ɗora haɓarta a gwiwar tsohon. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce wa Nabiha, "Baiwar Allah, karyarki tana da kyau." Ya miƙe zai fita, karyar ta shiga gabansa.

Har yau ba wanda ya san ko ya gane ta.